Hukuncin kafen da aka zuba wa wiski da gaton da aka kwaɓa da baƙar giya

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta mana tsarkakan abubuwa, Ya tsare mu daga miyagu, Ya sanya hankali amana a wuyan ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai tambaya guda da ta yawaita a kwanakin nan, tana iso mana ta ƙofofi dabam-dabam. Wani uba ne, ƴarsa tana koyon gashin gato daga hotunan da take kallo cikin salula, ta ga ana tsiyaya baƙar giya cikin kwaɓin shokola, mai koyarwar yana cewa wuta tana cinye giyar ƙurmus. Wani ɗalibi ne a ƙasar Turai, an gayyace shi cin abincin dare, bayan an ƙare aka kawo kafe mai farin kirim a bisa, sai da ya kurɓa ya ji ɗanɗanon ya saɓa wa kafen da ya sani. Wani kuma kuku ne a babban otal, iyalinsa na ci daga albashinsa, an ce masa ya koyi haɗa waɗannan abubuwa domin baƙi. Malamanmu sun karantar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san siffarsa, saboda haka za mu fara da bayanin abin da ke cikin kofin da abin da ke cikin farantin.

Wanga kafe shi ne wanda ake rubuta wa Irish coffee a takardar abinci, masu Faransanci su ce café irlandais, ma'ana kafen Ailan. Ailan tsibiri ne da ke yamma da Ingila, ƙasar sanyi da yawan ruwan sama, babban birninta Dublin. A lokacin yaƙin duniya na biyu akwai wata tasha a ƙasar, a garin Foynes da ke bakin kogin Shannon, inda jiragen sama masu sauka bisa ruwa suke yada zango tsakanin Turai da Amurka. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a wani daren hunturu wajen 1943 wani jirgi ya tashi, iska ta hana shi wucewa, ya komo da fasinjojinsa suna rawar ɗari, sai kukun tashar mai suna Joe Sheridan ya dafa musu kafe ya zuba wiski a ciki don su ji ɗumi. A 1952 wani gidan shaye-shaye mai suna Buena Vista a birnin San Faransisko na Amurka ya fara sayar da shi, daga nan ya watsu cikin otal-otal na duniya, ya zama abin da ake rufe cin abincin dare da shi.

Haɗinsa abu huɗu ne: kafe mai zafi, da sukari, da wiski, da kirim, wato maiƙon saman madara, wanda ake ɗorawa a hankali ya yi iyo a bisa. Ku lura da kyau, ya ƴan uwa, wiskin nan ba a dafa shi, ana tsiyaya shi ne cikin kofi a miƙa wa mai sha. Awon da aka saba santilita 4 ne ko 5, kuma kashi 40 cikin 100 na wiski tsantsar sinadarin maye ne, wanda likitoci ke kira alkol. Wanda ya iya lissafi zai ga cewa kofi guda yana ɗauke da mililita 16 zuwa 20 na alkol, alhali ƙaramar kwalbar giya ta santilita 33 mai ƙarfin kashi 5 ba ta wuce mililita 16 da rabi ba. Kofi ɗaya na wanga kafe ya yi daidai da kwalbar giya, wani lokaci ma ya zarce ta. Akwai ƙanensa da ake haɗawa da wata barasa mai kauri mai suna Baileys, wadda aka fara sayarwa a 1974, ita kuwa wiski ce da kirim da zaƙi, ƙarfinta kashi 17. Launinta kamar shayi da madara, kuma zaƙinta yana ɓoye ɗacinta, har yaro ma yana iya shanye ta bai yamutsa fuska ba.

To, wanga ba ya buƙatar dogon bincike. Allah Maɗaukakin Sarki Ya saukar da hukuncin giya daki-daki: a Suratul Baƙara aya ta 219 Ya bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, a Suratun Nisa'i aya ta 43 Ya hana kusantar salla cikin maye, sa'annan a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 Ya yanke maganar, Ya haɗa ta da caca da gumaka, Ya yi umurni da a nisance ta. Nisanta kuwa ya fi barin sha faɗi. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana cikin shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha lokacin da mai shela ya yi shelar haramci, aka ce masa ya fita ya zubar, har ta gudana a lungunan Madina. Ba mu ji cewa wani daga cikinsu ya rage kaɗan domin miya ko domin kwaɓin gurasa ba, alhali dukiya ce da suka saya da kuɗinsu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma an haramta shi. Ya kuma ba da labari cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna. Wanda ya ce kafe yake sha, alhali kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kofinsa wiski ne, ya duba kansa a cikin wanga hadisi.

Wasu suna zaton ƙarfin kafe yana karya ƙarfin barasa. Likitoci sun ƙaryata wannan. Kafe yana kore gyangyaɗi ne kawai, alkol ɗin yana nan cikin jini har sai hanta ta gama aikinta a kansa, sai mutum ya ga idonsa biyu ya ɗauka hankalinsa ma yana nan, ya ƙara kofi, ya ɗauki makullin mota. Saboda irin wannan haɗari ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da barasa gauraye da sinadarin kafe a 2010, har suka cire shi daga kayansu.

Kuma abin yana da ban takaici ga wanda ya san tarihin gahawa. Daga ƙasar Yaman shanta ya yaɗu, a ƙarni na 15 na miladiyya, a hannun masu ibada da ke neman abin da zai taimake su raya dare da zikiri. A 1511 hakimin Makka mai suna Ha'ir Beg ya hana ta bisa zargin tana bugarwa, daga baya aka janye hanin. Malaminmu na Malikiyya, Al-Haɗɗab, wanda ya yi sharhin Muhtasar na Halil a littafinsa Mawahibul Jalil, ya rayu a wancan zamani, kuma abin da ya rinjayar shi ne ita a kan kanta ba ta bugarwa, haramci yana shigo mata ne daga abin da aka haɗa ta da shi ko irin majalisar da ake shanta. Kun ga ashe shekara kusan 500 ke nan da aka ba da amsar rabin tambayarmu. Kafen mai shayi na bakin tasha halal ne, a sha da madara ko a sha baƙi, babu komi.

Sai magana ta biyu, wadda ita ce ta fi rikitar da mutane, wato gato. Abin da ake kira brownie, mu ce burawni, gaton shokola ne na Amurkawa, ana gasa shi a faffaɗan faranti a yanka shi murabba'i-murabba'i. Asalinsa garin alkama ne da ƙwai da sukari da man shanu da shokola, babu abin zargi a ciki. Amma wasu masu gashi, musamman a bikin da ƴan Ailan da jikokinsu na Amurka ke yi ranar 17 ga watan Maris, suna ƙara masa baƙar giyar da ake kira stout, don ɗacinta ya fito da ɗanɗanon shokola. Wadda ta fi shahara ita ce Guinness, wadda Arthur Guinness ya kafa masana'antarta a Dublin a 1759, bisa yarjejeniyar hayar fili ta shekara 9,000. Dubi dogon burin ɗan Adam! Baƙinta yana zuwa ne daga sha'ir da aka soya har ya yi duhu. Wannan suna ba baƙo ba ne gare mu, domin tun farkon shekarun 1960 aka gina mata masana'anta a Ikeja ta Legas, kuma wadda ake yi a Nijeriya ana sa mata dawa, ƙarfinta kashi 7 da rabi, alhali wadda aka fi sha a Dublin kashi 4 ce da ɗan ɗori.

Sha'ir da dawa. Wanda ya karanta hadisi zai tuna cewa lokacin da aka aika Abu Musa Al-Ash'ari zuwa Yaman ya yi tambaya game da abin sha biyu na mutanen ƙasar, ɗaya na zuma, ɗaya kuma ana ce masa mizru, ana yin sa da dawa da sha'ir, aka ba shi amsa da cewa haramcin ya game duk abin da ke bugarwa. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya faɗa bisa mumbari cewa haramcin ya sauka alhali ana yin giya daga inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, ya kuma fassara ta da abin da ke lulluɓe hankali. Saboda haka baƙar giyar Dublin da burkutun ƙauye uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kwalba da takarda mai zane ne kawai suka bambanta su.

Yanzu mu zo ga hujjar masu cewa wuta tana cinye ta. Suna cewa alkol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai digiri 100, tanderu kuma yana kai digiri 180, to ina alkol zai tsaya? Maganar tana da daɗin ji, amma gwaji ya saɓa mata. Alkol in ya gauraya da ruwa ba ya tashi shi kaɗai ya bar ruwan, tare suke tashi sannu-sannu, kuma cikin gato, muddin yana da danshi, zafinsa ba ya wuce na tafasar ruwa ko da tanderu ya yi jajir. A 1992 masu bincike na jami'ar Idaho da ta jihar Washington tare da ma'aikatar noma ta Amurka sun buga sakamakon awon da suka yi, kuma daga gare shi aka fitar da jadawalin da masana abinci ke aiki da shi. Barasar da aka zuba cikin tafasasshen abu aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na alkol ɗinta yana nan. Wadda aka kunna wa wuta ta yi harshe a gaban baƙi, kashi 75 yana nan. Wadda aka gauraya aka gasa ko aka dafa minti 15, saura kashi 40; minti 30, saura kashi 35; awa guda, saura kashi 25; sai an kai awa 2 da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5. Burawni kuwa wajen rabin awa yake yi a tanderu, in ya wuce haka ya bushe ya ɓaci. Waɗannan mutane ba fatawa suka zauna bayarwa ba, awo suka yi da na'ura.

Amma adalci wajibi ne ko a kan abin da muke ƙi. Kofi guda na giya da aka raba cikin faranti mai yanka 16, aka kuma gasa, abin da ya rage a yanka guda kaɗan ne ƙwarai, kuma ba mu ce wanda ya ci yanka ɗaya zai yi tangaɗi ba. In muka faɗi haka yaranmu masu karatun kimiyya za su kama mu da ƙari, su daina jin sauran maganarmu. Hukuncin yana tsaye ne a kan wasu ƙafafu. Giya najasa ce a wurin mazhabobin nan huɗu, kuma Shaihu Halil ya kawo cikin Muhtasar cewa abinci mai ruwa-ruwa yana najastuwa da najasa ko kaɗan ce, ya kuma lissafa naman da aka dafa da najasa da ƙwan da aka dafa cikinta a jerin abubuwan da ba su karɓar tsarki. Kwaɓin gato abinci ne mai ruwa-ruwa, giyar ta ratsa shi ko'ina. Litattafan fiƙihu na da ma sun riga sun ambaci gurasar da aka kwaɓa da giya, suka hana cinta. Sa'annan kafin giyar ta isa kwano sai an saye ta, an ɗauko ta, an buɗe ta, kuma hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya ambaci mutum 10 da aka la'anta a kanta, cikinsu har da mai saye da mai sayarwa da mai ɗauka da wanda aka kai wa da mai cin kuɗinta. Yarinyar da aka aika kanti ta sayo kwalba don gato ta shiga wannan layi tun ba a hura wuta ba. Kuma kwalbar da aka tsiyayi rabinta, ina sauran rabin zai kwana? A gidan da samari suke?

Wani ɗalibi mai kaifin hankali zai ce: ai Halil ɗin nan da kansa ya ce giya in ta zama khal, wato binegar, ta tsarkaka. Haka ne. Amma a can zatin giyar ne ya juye gaba ɗaya ya zama wani abu mai wani suna da wata siffa, har ba a samun maye a cikinsa ko an sha tulu. A gato kuwa giyar ba ta juye ba, wani sashe ya tashi, wani sashe ya zauna, kuma ɗanɗanonta shi ne abin da aka zuba ta dominsa. Malamai da likitocin da suka taru a Kuwait a 1995, ƙarƙashin ƙungiyar Musulunci ta ilimin likitanci, sun bambance tsakanin abu biyu: sun hana abincin da aka sa wa giya kome ƙanƙantarta, suka ba da misali da wasu nau'o'in shokola da kirim mai sanyi na ƙasashen Turai, suka kuma yi sauƙi a kan ɗan alkol da masana'antu ke narkar da launi ko maganin adana abinci da shi, saboda wuyar kauce masa.

Wannan bambanci yana da amfani don kada waswasi ya shiga gidajenmu. Burodin da aka sa wa yisti, da furar da ta kwana ta yi tsami, da nono, da kunun zaƙi na yini, duk halal ne, ko da mai na'ura ya ce ya ga burbushin alkol a ciki, domin ba giya aka zuba musu ba kuma mai yawansu ba ya bugarwa. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi cikin ruwa ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura a shayar ko a zubar. Haka lemun malta da ba a bari ya tsima ba, shi ma ba giya ba ne, ko da sunan kamfanin giya yana jikin kwalbarsa. Wanda ya bar shi don ƙyamar ƙarfafa kasuwarsu ya yi tsantseni mai kyau, amma kada ya haramta wa wani. Ita kuwa giyar da aka dafa ta zama giya sa'annan aka tace alkol ɗinta aka rubuta mata 0.0, malaman zamani sun saɓa a kanta, mu dai barinta muke zaɓa wa kanmu da ƴaƴanmu, domin harshen da ya saba da ɗanɗano yakan nemi asalinsa.

Kada kuma wani ya fita daga masallaci yana zagin mutanen Ailan. Su ma sun ɗanɗani sharrinta, kuma daga cikinsu aka sami wani limamin Kirista mai suna Theobald Mathew wanda ya fara yaƙi da shan giya a birnin Cork a 1838, cikin ƴan shekaru miliyoyin mutane suka yi alkawarin barinta a hannunsa. A yau ma akwai Musulmi da masallatai a Dublin. Wanda ya gayyace ka gidansa ya kawo maka irin wanga kofi yawanci karramawa ya nufa, sai ka gode masa, ka gaya masa da sakin fuska cewa addininka ya hana, ka roƙi kafe tsura. Mafi yawansu suna girmama wanda ya faɗi haka tun farko.

Ga ɗalibin da ya kurɓa bai sani ba, babu zunubi a kansa, ya tsaya daga inda ya gane, ya kurkure bakinsa, sallarsa tana nan. Hadisin da ya yi maganar rashin karɓar salla kwana 40 yana kan wanda ya sha da gangan ne. Sai dai ya koyi karanta takardar abinci: in ya ga whisky, rhum, liqueur, kirsch, bière, vin, ko aka ce abu flambé ne, ya tsaya ya tambaya. Baba au rhum sunansa ya tona shi, tiramisu kuwa sau da yawa ana sa masa barasa ba a faɗa ba. Akwai kuma ruwan zaƙi na kwalba da ake rubuta wa Irish cream alhali ƙamshi ne kawai babu alkol, shi ya sa karanta bayan kwalba ya fi dogara da suna.

Maganar kuku ita ce mai nauyi, domin bakin yara ne a bayanta. Ba mu ce ya ajiye aiki gobe da safe ya zauna a gida ba, kuma albashinsa na dafa halal halal ne. Abin da muke ce masa, ya sami shugabansa ya yi masa bayani cikin ladabi, ya nemi a ɗauke masa tsiyaya giya da miƙa ta, a bar shi ga nama da shinkafa da gaton da babu ita. Sau da yawa ma'aikacin da aka san shi da amana ba a ƙin jin roƙonsa. In an ƙi, ya fara neman wani wuri da gaske tun yana nan, yana ƙin abin a zuciyarsa yana istigfari, ya fita da zarar ƙofa ta buɗe. A nan nauyi ya hau kan attajiranmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai masu gidajen abinci da gidajen burodi: mutumin da ya bar albashi don tsoron Allah, ku ne farkon waɗanda ya kamata su ɗauke shi aiki, kada mu yi masa wa'azi ranar Juma'a mu bar shi da yunwa ranar Asabar.

Ku kuma iyaye, kada ku hana ƴaƴanku mata sana'ar gato saboda wanga bayani, sana'a ce mai albarka da ke rufa asirin gidaje da yawa. Abin da ake nema ga baƙar giya cikin kwaɓi ɗaci ne da ƙamshin abin da aka soya, kuma rabin kofi na baƙin kafe mai kauri yana ba da wannan, ko lemun malta a rage sukari, ko a ƙara garin koko. Mai son kofin bayan abinci ya dafa kafensa da citta da kanumfari, ya sa sukari, ya buga kirim kaɗan har ya fara kauri, sa'annan ya tsiyaya shi a hankali ta bayan cokali, zai zauna a bisa fari fat yadda ake gani a hoto.

Allah Ya tsarkake abincinmu da abin shanmu, Ya buɗa wa masu neman halal, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.